Akun Adda da Jakar Kayan Wasan Jikarta

Akun gidan Addata a Jekadafari ya girmi uku daga cikin 'ya'yanta biyar. Mijinta, wanda duk muke kira Hamma, shi ya zo da shi daga Kalaba a 1996, shekarar da aka cire jihar Gombe daga Bauchi, lokacin yana tuƙa babbar mota yana kai wake kudu ya dawo da manja. Irin mai launin tokar nan ne da jan wutsiya, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Nijeriya ne da Kamaru har zuwa Kwango. Ya iya sallama, ya iya tarin Hamma, ya iya kukan ƙyauren gidan, sannan yana da wata muguwar ɗabi'a ta ƙwala "an kawo wuta!" ana zaune ƙalau, mutane su zabura da caja a hannu su tarar babu komai. Ba a taɓa raɗa masa suna ba, Malam Aku kawai ake ce masa.

Na zauna rubuta abin da ya same shi ne don ni na ba da fatawar da ta kusa halaka shi, kuma tun daga lokacin mutum uku sun yi mini irin tambayar da Adda ta yi mini a ranar.

Tambayar Adda

Abin ya faro ne bayan bikin autarta. Gida ya watse, daga Adda sai Hamma sai yarinyar da ke taya ta aiki. Da aka zo gyaran daɓen tsakar gida aka janye kejin zuwa lungun sito, aka kuma manta da shi a can. Tsuntsun da ya fi shekara ashirin a tsakiyar hayaniya ya koma kallon buhunan masara. Cikin wata biyu ya fara tuge gashin ƙirjinsa, har fata ta fito fili kamar kazar da aka fara figa aka fasa.

Ni ake kira in tsuntsu ya yi ciwo a danginmu, don kawai ina kiwon tantabaru tun ina sakandare. Na san kaɗaici da zaman banza suna cikin manyan abubuwan da ke sa aku cin gashinsa. Tsuntsu ne mai kai. Wata masaniya 'yar Amurka, Irene Pepperberg, ta shekara talatin, daga 1977 zuwa 2007, tana aiki da wani aku irin wannan mai suna Alex, wanda ya riƙe kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Mai irin wannan ƙwaƙwalwa in ka kulle shi da gero da ruwa kawai, zai samo wa kansa aikin yi ko da a jikinsa ne. Har nan ban kauce hanya ba. Na ce a mayar da keji tsakar gida, a kuma nemo masa abin da zai riƙa taɓawa.

Kayan wasan aku kuwa ba abin da ake shiga kasuwa a tambaya ba ne a nan, in ka tambaya ma dariya za ka sha. Sai Adda ta tuna da wata jaka a ƙarƙashin gado cike da tarkacen jikarta, wadda ta zauna a wurinta bayan yaye. Rabinsu gwanjo ne daga Babbar Kasuwa, sauran na 'yan talla ne da ake saya a ƙofar gida don yaro ya yi shiru. Ta zazzage su a tabarma ta dube ni.

"To, Sarkin Tantabaru, waɗannan ba za su yi masa illa ba?"

Na ce, "Haba Adda. Abin da jaririya ta shekara tana tsotsa bai yi mata komai ba, shi ne zai taɓa tsuntsu?"

Muka zaɓi shida: kofunan roba masu tauri da ake jerawa wani cikin wani, sarƙar zobban roba da ake maƙalawa a gadon jariri, abin kacau-kacau mai 'yan duwatsu a ciki da 'yar ƙararrawa a gindi, zoben tauna mai ruwa a ciki na masu fitar haƙora, 'yar tsanar yadi mai ƙara in an matsa cikinta, da wata wayar wasa mai waƙa. Na wanke su da sabulu, na shanya, na ɗaure su a rufin keji da ragowar sabuwar wayar da na yi wa tantabaruna raga da ita. Har ina jin daɗin tsabtar aikina.

Makon farko kowa sai sa mini albarka yake. Malam Aku ya bar ƙirjinsa, ya koma kan kaya. Yakan riƙe kofi da ƙafa ɗaya ya cusa kai ciki ya yi magana don ya ji muryarsa ta sauya. Ƙararrawar kuwa tun asuba take kaɗawa. Adda ta turo mini bidiyonsa a WhatsApp har sau biyu.

Ranar da ya yi shiru

Wajen kwana na goma, yarinyar gidan ce ta fara lura cewa ƙararrawa ta daina ƙara. Babu wanda ya ɗauki maganarta da nauyi. Washegari aku bai amsa sallamar Hamma ba. Ya tsaya a sanda gashi a bushe, ido a lumshe, sai shan ruwa yake kamar wanda ya dawo daga gona, takardar ƙasan keji kuma ta jiƙe sharkaf da kashi kore mai ruwa-ruwa. Da yamma ya yi ta miƙa wuya yana dawo da abinci.

A nan aka yi asarar kwana biyu, kuma ina da hannu a ciki. Lokacin hunturu ne, sai aka ce sanyi ne. Na ce a fasa kafso a ruwan shansa kamar yadda muke yi wa kaji. Goggonmu da ta zo dubiya ta ce baki ne, tsuntsun da ake ta yaɗa bidiyonsa dole a kama shi, ta sa aka turara masa habbatus sauda a kasko. Wannan hayaƙin kaɗai ya isa ya ƙarasa shi, don numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne: ban da huhu yana da jakunkunan iska da suka ratsa jikinsa, abin da ke cikin iska yana shigarsa da sauri ƙwarai. Shi ya sa turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da tururin tukunyar nan da ba ta kama abinci in ta yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe aku a ɗakin da mutum bai ji komai ba. Hamma shi kuma murar tsuntsaye yake tsoro, don bai manta da 2006 ba, lokacin da cutar ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna aka yi ta kashe kaji a Arewa. Ya hana kowa taɓa kejin.

Dare na uku aku ya faɗo daga sanda. Adda ta kira ni tana kuka, ta ce ƙafafunsa sun dunƙule yana ta karkarwa. Da gari ya waye muka naɗe shi a tawul, muka sa a kwali, muka tafi wurin wata likitar dabbobi.

Ta faɗa mana gaskiya tun farko, cewa aikinta na yau da kullum kaji ne da awaki da shanu, aku sai jefi-jefi. Amma ta san tambayoyin da za ta yi. Me yake ci? Yana samun rana? Me aka sauya a gidan cikin wata guda? Ta fara zargin ƙarancin sinadarin kalsiyam, don akun toka ya yi suna da wannan, musamman wanda ake ciyarwa da tsaba zalla kuma ba ya ganin rana, yana kawo jijjiga irin wadda Adda ta gani. Amma yawan shan ruwa da koren kashi da amai sun sa ta ci gaba da tono. Da Adda ta ambaci kayan wasa, sai likitar ta ajiye biro.

"Hajiya, akwai ƙarfe a cikinsu?"

Adda ta ce, "Duk roba ce, Likita, na jarirai ne."

Ni na tuna da ƙararrawar da ta daina ƙara, da wayar ƙarfen da na ɗaure kayan da ita, na ji cikina ya juya.

Aka kai shi wani wurin ɗaukar hoton ƙashi na mutane, bayan sun sallami layinsu, ma'aikacin yana dariya yana cewa yau ya ga sabon majinyaci. Da aka ɗaga hoton a fitila babu mai sauran dariya. A daidai ƙundu akwai wasu ɗige-ɗige farare tas, sun fi ƙashin jikinsa haske, kamar an watsa tsakuwar gishiri. Roba ba ta fitowa haka a hoto. Ƙarfe ne.

Bayanin da ta yi mana a tsaye shi ne wannan. Ƙarfe biyu ne suka fi kashe tsuntsayen gida, dalma da tutiya. Tutiya ita ce farin rufin da ake yi wa kwanon rufi da wayar raga da ƙananan sarƙoƙi don kada su yi tsatsa, kuma ana samunta a ƙararrawa da maɓallai masu araha. Gubarta ta zama ruwan dare tsakanin masu kiwon aku har ana kiranta ciwon sabuwar waya. In tsuntsu ya haɗiye ɓarɓashin, ba ya wucewa kamar abinci. Yana zama a ƙundu, ruwan ciki mai tsami yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, jini yana kwasa yana kai wa ƙoda da hanta da jijiyoyi. Wato ko ka kwashe kayan daga keji, gubar na nan tana ci gaba da zuba daga ciki.

Ba ta jira gwajin jini ya raba tsakanin dalma da tutiya ba, don allurar da ake yi, kalsiyam EDTA, tana kama su duka biyun ta fitar da su ta fitsari. Dabarar ɗaya ce da wadda aka yi wa yaran Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta riƙa ba waɗanda suka rayu maganin da ke janyo dalma daga jini. Allurar ba ta hannun likitar. Ta kira wani abokin karatunta a Jos, aka ba direba saƙo, ya iso washegari. Kafin nan ta yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ta ba shi abinci mai laushi da sirinji da hannunta, ta ce a sa shi a kwali mai ɗumi a shimfiɗa tawul, a cire sanda don kada ya sake faɗowa. Ta kuma ce a zubar da ruwan kafso na.

Abin da na gani a tire

A daren na koma gidan na kwance kayan daga keji na jera su a tiren shayi ƙarƙashin fitila. Tun ranar da na ɗaura su ban sake duba su da idon basira ba.

Abin kacau-kacau ya rabe daidai layin da aka manne rabinsa biyu. Bai fasa shi da ƙarfi ba, gaɓar ya nemo ya sa tsinin baki ya ɓare ta kamar ɓawon gyaɗa. 'Yan duwatsun ciki babu ko ɗaya, daga baya muka tsinci wasu a ƙasan keji. Ƙararrawar ta lotse, leɓunan tsagarta sun buɗe, ƙwallon cikinta ya ɓace, gefenta duk zanen baki ne inda ya kankare ƙyallin. Sai wayata. Duk inda na murɗa ta na bar ɗan tsini, ya bi ya tauna, farin rufin ya tafi, baƙin ƙarfe ya bayyana. Na daɗe ina juya ta a hannu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, kuma ni na nuna hanya.

Zoben tauna ya huje ya motse, ruwan ciki ya tsiyaye, gefe guda babu wani yanki kamar girman farce. 'Yar tsana ta rasa ido ɗaya, cikinta a farke, audugar roba ta fito, wani dogon zare yana lilo. Wayar wasan ce ta fi tayar mini da hankali. Murfin batirinta da ɗan noti aka ɗaure shi, irin wanda sai da sukundireba, amma ga shi ya kwance fiye da rabi. A ciki akwai batiran agogo guda uku a jere. Irin waɗannan, musamman masu faɗin nan, in suka maƙale a maƙogwaron yaro suna iya ƙona nama cikin awa biyu. Kwana ɗaya ko biyu suka rage ya kai gare su.

Kofunan da sarƙar zobba kuwa, ban da 'yan ƙarce-ƙarce, lafiyarsu lau.

A gaban tiren nan na gane inda fatawata ta karkace. In an rubuta a kwali cewa abu ya dace da jarirai, alkawari ne da aka auna da jariri. A Turai da Amurka akwai ƙa'idar gwaji: ana yar da abin wasa a ƙasa, a ja shi, a murɗa, a matsa, gwargwadon ƙarfin ƙaramin yaro. Duk abin da ya ɓalle ana jefa shi a wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wanda aka kwaikwayi maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara uku da shi, in ya shige to kayan sun faɗi. Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan mai dasashi da 'yan haƙoran nono, mai yatsun da ba su iya kwance noti ba, wanda kuma uwarsa ke kusa.

Aku bai shiga wannan lissafi ba ko ta ina. Bakinsa na fasa ƙwallon da mutum sai ya nemi dutse. Leɓen bakinsa na sama yana motsi da kansa a jikin ƙoƙon kai, harshensa kauri ne da shi kamar yatsa, ƙafarsa mai yatsu biyu gaba biyu baya tana riƙe abu tana juya shi kamar hannun maƙeri. Jariri yana tsotsa ya gaji ya yar. Aku yana da yini guda cur, ba shi da wani aiki, kuma burinsa ya ga abin da ke ciki. Masu ƙera kayan jarirai sun dogara ne da cewa abin da aka rufe a ciki zai zauna a ciki, wato duwatsu, ƙararrawa, ruwa, batir, maganaɗisu, auduga. A kejin aku babu wannan tabbaci. Ga kuma girman jiki: akun toka bai cika wuce giram 400 zuwa 500 ba, yaro ɗan shekara guda ya ninka shi kusan sau ashirin. Ɓarɓashin da jikin yaro zai iya jurewa ya isa ya kwantar da tsuntsu.

Wannan ma in an ɗauka kayan sun cika ƙa'idar jariran ke nan. Na gidan Adda babu mai kwali, babu mai suna. Gwanjo ba ya zuwa da tarihinsa, ba ka san shekarar da aka yi shi ba, ba ka san rana nawa ya sha ba, roba kuwa in ta tsufa ƙarfinta na tafiya ta riƙa tsagewa da kaifi kamar kwalba. Hatta manyan kamfanoni sun taɓa tuntuɓe. A 2007 Mattel ya janye kusan miliyan ɗaya na kayan wasan Fisher-Price daga kasuwar Amurka saboda dalma a fenti, a shekarar da ta biyo baya aka yi dokar da ta rage dalmar da aka yarda da ita a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan. Abin da aka ƙera kafin nan bai ɓace daga duniya ba, kuma dila ba ta tambayar shekara. Haka roba mai laushi ta PVC, wadda ake tausasawa da sinadaran fitalet da Turai da Amurka suka taƙaita a kayan yara. Yaro lasa yake, aku kuwa gutsura yake yi.

Sai dai zan yi wa kayan jarirai adalci, don bayan abin ya faru Hamma ya ce a ƙone duka, ni kuma ban yarda ba. Masu kiwon aku a ƙasashe da dama suna amfani da kofunan jerawa, da zobban sarƙa, da makullan roba masu tauri, da ƙananan katakai marasa fenti, tsuntsaye kuma suna jin daɗinsu. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne kowannensu abu ɗaya ne dunƙule, babu ciki, babu gam, babu ƙarfe, babu yadi. Idan daga kamfanin kirki suka fito, robarsu ta ma fi ta wasu kayan da ake sayarwa da sunan tsuntsaye tsabta, don kayan dabbobi ba su da tsauraran dokoki irin na yara. Ko su ɗin ma da sharaɗi. Zobe ya zama ko dai ya yi ƙanƙantar da kai ba zai shiga ba, ko ya yi faɗin da duk jiki zai wuce, na tsakiyar nan shi ke shaƙe tsuntsu. Kuma girman tsuntsu na sauya hukunci: kofin da tsirya za ta shekara tana wasa da shi, babban aku na iya mayar da shi tsinke-tsinke da hantsi. Akwai mai tauna ya tofar, akwai mai haɗiyewa, ba ka sanin wanne ne naka sai ka zauna ka kalle shi, ka kuma duba ƙasan keji ka ga ko gutsattsarin da suka zuba sun kai abin da ya ɓace.

Yadi da zare su ne mutane suka fi rainawa. Zaren da ya warware yana naɗe yatsa ya tsayar da jini, tsuntsu ya firgita ya ciji ƙafarsa. Wanda aka haɗiye kuma ba ya narkewa, yana taruwa a jakar abincin da ke wuya ya dunƙule har ya toshe hanya, wani lokaci sai an yi aiki.

Akwai wani abu da likitar ta ƙara wanda ni ban kawo shi a rai ba sam. Ta tambayi Adda ko jikar na zuwa gidan, ko tana ɗaukar kayan. Abin da ya shiga keji, in ji ta, ya bar hannun yaro ke nan har abada. Aku na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin aku ba tare da ya nuna alama ba, tana fita ta kashi da ƙurar gashi, a jikin mutum kuma tana zama zazzaɓi da ciwon huhu. Ita ce ta bazu a Turai da Amurka a 1929 zuwa 1930 ta hanyar tsuntsayen da aka yi safara daga Kudancin Amurka. Ta ɗaya ɓangaren, yawun mutum na ɗauke da ƙwayoyin da jikin tsuntsu bai saba da su ba. Hamma da ke tauna gyaɗa ya ba shi baki da baki ya sha faɗa a kan wannan, ya ƙara shan wani da aka gano yana gutsura masa goro in yana ci. Abin da ke cikin goro mai hana barci, irin na kofi da cakulan, guba ne ga tsuntsu.

Yadda ta kaya

Allura safe da yamma aka yi ta yi har kwana biyar, ni ke riƙe shi a tawul, ya kuma huda mini babban yatsa ta cikin tawul ɗin a rana ta uku, abin da likitar ta ce alama ce mai kyau. Aka huta 'yan kwanaki saboda ƙoda, aka sake zagaye na biyu. A tsakani tana ba shi wani abu mai yauƙi a abinci don ya taimaka wajen turo ƙarfen waje. Shan ruwan ya ragu, kashi ya fara haɗuwa. Hoto na biyu ya nuna ɗigo biyu kacal, na uku bai nuna komai ba. Kuɗin da aka kashe ya fi na tunkiya, Hamma ya biya bai ce uffan ba. Da wani maƙwabci ya ce da kuɗin ai gara a sayi sabo, Hamma ya ce masa wannan tsuntsun ya san muryar mahaifiyarsa da ta rasu, a wace kasuwa ake sayar da irinsa? Ko ba don haka ba ma, tun taron yarjejeniyar CITES, mai sa ido a kan cinikin namun daji a duniya, na 2016 a Johannasbag aka haramta cinikin akun toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, don kamu da saran daji sun cinye su har an sa su cikin masu fuskantar ƙarewa. Duk wanda ka gani a kwando a bakin titi, akwai wasu da suka mutu a hanya kafin shi ya iso.

Kejin ma sai da muka sauya, don da na duba da kyau ragarsa irin tawa ce, tsufa ne kawai ya rufa mata asiri. Kwanon ruwa da na abinci suka koma na ƙarfen nan da ba ya tsatsa irin na cokula. Abin ɗaurewa ya koma igiyar kaba gajera. Daga cikin shida na farko kofuna da sarƙar zobba ne kawai suka koma, su ma Adda na cire su da dare ta duba.

Abin dariyar shi ne yanzu bai damu da su sosai ba. Abin da ya fi so duk a tsakar gidan yake tun can: faifan kaba marar rini da yake warwarewa zare-zare, ɓawon kwakwa da aka huda aka cusa wa gyaɗa mai kyau, guntun gora, soson yanar nan na wanka sabo, kwalin da babu leda ko ƙusar maƙala takarda a jikinsa, ɗanyar masara da ɓawonta, goruba da yake kwana biyu yana kankara. Duk abubuwan da zai lalata ne, lalatawar ce wasan. Yarinyar gidan ta ce shara ta ƙaru mata, Adda ta ce ta gode wa Allah.

Ƙafarsa ta hagu ba ta dawo daidai ba. Yana riƙe sanda da ita, amma abinci da dama yake ɗauka yanzu, alhali da can bahago ne. Gashin ƙirji ya tsiro in ban da wani ɗan fili kamar girman kwabo. Ya yi kusan mako uku bai ce komai ba, Adda har ta fara cewa ƙila maganar ta tafi ke nan. Wata ranar Juma'a da la'asar ina zaune a tabarma ina shan kunu, sai muka ji waƙar wayar wasan nan tiryan-tiryan daga keji, har da 'yar shaƙewar da take yi in batir ya yi sanyi. Wayar kuwa tun makonni na cire batiranta na farfasa ta da guduma. Adda ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya ta saurara har ya kai ƙarshe, sannan ta koma ɗaki ta jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Ta ware duk wani abu mai fenti da mai batir da mai ƙararrawa, waɗanda da ta yi niyyar raba wa yaran maƙwabta, ta ƙulle su a leda ta miƙo mini ta ce in tafi da su inda yaro ba zai tsinta ba.